Sabuwar malamar jami'a da littafin da yake hana ta barci

Wata malama ce ta rubuto daga wani ƙauye a Jihar Jigawa, ta kuma roƙi a sakaya sunanta. Ta karanci fannin farfaɗo da majinyata ta hanyar ayyukan yau da kullum, wanda ake kira okufeshonal terafi, ta yi shekaru tana aiki a wani asibiti a birnin Kano, sannan a farkon wannan shekarar karatu wata jami'a ta ɗauke ta koyarwa a tsangayar kimiyyar lafiya. Da yake ba ta sami gida a cikin makaranta ba, tana zaune a wurin gwaggonta a ƙauyen da ke kusa, maigidanta da yara suna Kano, sai ƙarshen mako take zuwa. Ga abin da ta ce: "Tun ranar da na kama aiki na sayi littafi ina rubuta abin da ya faru a kowace rana kafin in kwanta. Da na koma na karanta, sai na ga babu komai a ciki sai ƙorafi da zargin kaina. Abokan aiki sun ɗauka ni mai gashi ce, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, babu kayan koyarwa na fannina ko ɗaya, an ɗora mini haɗa sakamakon jarrabawa da zaman kwamitoci, albashi bai fara zuwa ba, mutanen gari kuma sun ji an ce likita ta zo, kullum da yamma sai an yi mini sallama da mara lafiya. Maigidana ya ce in na gaji in koma asibiti. In ajiye aikin ne, ko kuwa ni ce ban iya ba?"

Malama, amincin Allah ya tabbata a gare ki, Allah kuma Ya sanya albarka a wannan sabon matsayi. Shawarata ita ce kada ki ajiye aikin yanzu, kuma kada ki auna iyawarki da abin da kika karanta a littafin nan. Dubi lokacin da kike rubuta shi: bayan kin wuni a tsaye, kin sallami masu sallama, kewar yara ta taso, cajin fitila ya kusa ƙarewa. Duk wanda aka ce ya ba da labarin wuninsa a wannan sa'a, a watannin farko na sabon aiki, a garin da ba nasa ba, irin abin da zai rubuta ke nan ko da kuwa farfesa ne. Littafin bai yi miki ƙarya ba, amma rabin labarin kawai yake ɗauka, kuma kullum rabin nan ɗaya ne.

Rubutun kansa abu ne mai kyau, ba kuma zan ce ki daina ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, a fanninki ma ai ana koya wa ɗalibi ya zauna ya yi nazarin abin da ya aikata bayan ya ga majinyaci. Kin san tsarin nan da Graham Gibbs ya fitar a 1988 mai matakai shida: a faɗi abin da ya faru, a faɗi yadda aka ji a zuciya, a auna abin da ya yi kyau da wanda bai yi ba, a nemo dalili, a fitar da darasi, a ƙare da shirin abin da za a yi nan gaba. Daga yadda kika kwatanta littafinki, kina tsallake matakin farko, ki yi zamanki a na biyu, ki rufe littafin ki kwanta da shi a ranki. Da wata ɗalibarki ce ta dawo daga asibiti ta kawo miki irin wannan rubutu, da kin mayar mata ki ce ta je ta ƙarasa. Hisabin da ba ya ƙarewa da gyara ya tashi daga hisabi ya koma waswasi, waswasi kuwa ba ya ƙara wa mutum komai sai rashin barci.

Bari in nuna miki bambancin. Idan kika rubuta cewa yau lacca ba ta yi kyau ba, ke dai ba ki dace da koyarwa ba, kin yanke wa kanki hukunci ne ba tare da kin faɗi laifin ba, gobe kuma babu abin da za ki iya yi da wannan jumla. Amma idan kika rubuta cewa yau kin yi minti arba'in kina bayanin yadda ake auna iyawar majinyaci wajen kula da kansa ba tare da kin nuna komai ba, 'yan layin baya suka fara hira tun kafin a yi rabi, don haka ranar Laraba za ki zo da buta da cokali da riga mai maɓalli ki sa kowa ya ɗaure hannu ɗaya a baya ya gwada, to kin faɗi abin da ya faru, kin gano dalili, kin kuma fita da aikin yi. Rana ɗaya ce aka rubuta iri biyu. Na biyun shi ne rubutun malami.

Ki kuma sauya masa lokaci. Ki yi rubutun a ofis da zarar kin fito daga aji, minti goma ya isa, ko kuwa bayan sallar asuba lokacin da hankali yake kwance. Dare ki bar shi ga kiran yara a waya da hira da gwaggo da addu'o'in kwanciya. Sau ɗaya a mako ki karanta abin da kika tara, domin a nan ne za ki ga abin da yake maimaituwa, wanda shi ne matsala ta gaske, ki bambanta shi da ɓacin ran da yake wucewa da kansa. Kada sunan majinyaci ko na ɗalibi ko na abokin aiki ya shiga littafin ko da wasa. Littafi yana faɗuwa a motar haya, ana manta shi a kan tebur a ofishin da mutum huɗu suke zama, sirrin majinyaci kuma amana ce a kanki ko kina asibiti ko kina jami'a. Ranar da wani ya ɓata miki rai har kika ji sai kin amayar, rubuta a wata takarda daban, ki yaga ta da safe.

Maganar cewa an ɗauke ki mai gashi, wannan kada ta dame ki, domin tana da dalili. Fanninki ba sabo ba ne a duniya: an kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka a 1917, tarayyar ƙungiyoyinsa ta duniya kuma a 1952. A Nijeriya hukumar da take yi muku rajista, wadda dokar soja ta 1988 ta kafa, ita ce take yi wa masu gashi da masu gyaran magana rajista, wato tun daga takarda a rumfa ɗaya aka tara ku. Sannan wuraren da aka daɗe ana koyar da fannin a Kudu suke, kamar makarantar tarayya da ke Oshodi a Legas da Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, alhali gashi an daɗe ana koyar da shi a Jami'ar Bayero, mutanenmu kuma sun saba da shi a asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda bai taɓa ganin mai irin aikinki ba dole ya kira ki da sunan abin da ya sani. Ba raini ba ne, kuma dogon bayani a bakin ƙofar ofis ba zai gyara ba. Ki nemi shugaban sashe ya ba ki rana a taron ƙara wa juna sani, in ya dace da 27 ga Oktoba, ranar fanninku ta duniya, ya fi kyau, ki kawo musu labarin majinyaci ɗaya tak.

A ce dattijo ne manomi, hawan jini ya jawo masa shanyewar ɓarin jiki na dama. Mai gashi zai yi aiki a kan kafaɗa da ƙafa har ya miƙe ya taka, aiki ne babba kuma ba a yi sai da shi. Amma an sallamo shi ya dawo gida, sai tambayoyinki su taso. Yaya zai yi tsarki da alwala da hannu ɗaya, ga buta tana son mai karkata ta da mai tarar ruwa? Yaya zai tsuguna a masai ya tashi ba tare da ya kira ɗansa ba? Yaya zai miƙe daga tabarma, ya ɗaure zariyar wando, ya sa taguwa, ko an taɓa gaya masa ya fara zura hannun da ya shanye sannan mai lafiyar? Sai kuma abin da ba a rubutawa a kati: ya daina fita cin abinci a ƙofar gida tare da tsararrakinsa saboda kunyar a gan shi yana ci da hagu, ya koma ci a ɗaki shi kaɗai, daga nan ya rage ci, ya rame, iyali suna cewa ciwo ne ya ƙi. A irin wannan wuri limamin gari abokin aikinki ne, domin shi zai faɗa masa hukuncin lalura ya yarda, ya tuna masa hadisin Imrana ɗan Husaini cewa wanda ba zai iya salla a tsaye ba ya yi a zaune, wanda ba zai iya a zaune ba ya yi a kwance a gefensa. Ranar da dattijon nan ya koma sahu a masallaci, ya koma majalisarsa, ya zauna a bakin gona yana ba yara umarni, ranar aikinki ya cika. Duk malamin da ya saurari wannan zai tuna da wani a danginsa, ba kuma zai sake tambayar mene ne aikinki ba.

Wannan misali shi ne kuma amsar kukanki na rashin kayan aiki, kuma a nan nake ganin kin yi sa'ar da ba ki lura da ita ba. Ki rubuta buƙatar kayan a hukumance, ki ajiye kwafi, ki riƙa tunatarwa, domin haƙƙin ɗalibai ne. Amma kada ki zauna jira. Yawancin kayan da ake nunawa a littattafan fanninki an yi su ne domin gidan da yake da bahon wanka da matakala da kujerar cin abinci, majinyacin da ɗalibanki za su gani kuwa a tabarma yake zama, a rijiya ko famfon unguwa ake ɗebo masa ruwa. Kafintan garinku zai iya yin kujera mai rami da za a ɗora a kan masai, ya yi kujerar kusurwa ta yaron da wahalar haihuwa ko ciwon shawara na jarirai ya taɓa wa ƙwaƙwalwa har ya kasa zama. Mai walda zai kafa ƙarfen dafawa a bango. Tela zai cire zariya ya sa roba. Guntun tiyo a mariƙin cokali yana ƙara masa kauri ga hannun da ba ya dunƙulewa, bokiti mai famfo kuma yana raba mai hannu ɗaya da wahalar buta. Baduku zai yi takalmi mai taushin ciki ga wanda kuturta ta ɗauke masa jin tafin ƙafa. Ki kai ɗalibanki wurin waɗannan masu sana'a su ga yadda ake awo da ciniki, domin wanda ya iya zana kujera amma bai san nawa kafinta zai caji talaka ba bai gama karatu ba.

Masu buƙata kuwa ba sai an nemo su ba. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta dogara da shi ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2.4 a duniya suna da larurar da aikin farfaɗowa zai amfane su, tun 2017 kuma hukumar ta ƙaddamar da shiri na musamman a kai. A wurinmu kin san fuskokinsu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka a watan Agustan 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, sun girma, suna neman sana'a da aure. Akwai waɗanda sanƙarau ya bari da kurumta ko raunin gaɓɓai. Akwai matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, irin waɗanda ake yi wa aiki a asibitin Jahun, wasunsu da ƙafar da take ja a ƙasa, waɗanda bayan ɗinki suke buƙatar a mayar da su ga daka da ɗiban ruwa da 'yar sana'ar da za ta dawo musu da mutunci a cikin gida. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ba za ta zo ƙauye da ƙafarta ba sai da irinku. Ƙa'idar tarayyarku ta duniya ta ce ɗalibin fannin ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da majinyata kafin ya kammala, sabuwar manhajar da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta fitar a 2022 kuma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cika da abin da ya dace da yankinta. Idan wata rana jami'arku ta tashi buɗe sashen fanninki, wanda ya san gidajen nan da masu sana'ar nan shi zai rubuta wannan kaso, kuma littafinki, in kin gyara yadda kike rubuta shi, a nan zai yi rana.

Sai dai masu yi miki sallama da yamma, a nan zan ja kunnenki. Kada ki mayar da zauren gwaggo asibiti. Babu kati, babu awon jini, babu wanda zai shaida abin da kika yi ko kika faɗa, ranar da wani ya rikice kuwa sunanki za a kama, lasisinki kuma shi ne zai shiga haɗari. Wanda bakinsa ya karkace yau, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, babban asibiti yake buƙata a cikin sa'o'in nan, ba motsa hannu a tsakar gida ba, kuma ki faɗa musu haka ba tare da kara ba. Amma ba za ki kore su ba, domin mutuncin gwaggo ne a gari, kuma hana taimako ga wanda ya zo ƙofa ba halinmu ba ne. Hanyar ita ce ki sami takarda daga jami'a, ki sa wani babba a gidan ya raka ki wurin mai unguwa ko dagaci, ki gana da shugaban ƙaramin asibitin garin, a tsayar da rana ɗaya a mako da za ki riƙa zama a can. Daga nan duk wanda ya yi sallama sai ki fito ki gaisa ki ce, "Baba, a kawo shi ranar Talata asibitin gari, a can zan duba shi da kyau, da kati da komai." Za a yi gunaguni mako biyu a saba. Kada kuma ki zagi mai ɗori ko wanzami a gaban majinyaci, domin su suka riga ki ganinsa kuma su zai koma wa in kin tafi. In kin girmama su, su da kansu za su riƙa turo miki abin da ya fi ƙarfinsu. Idan kika tashi mayar da abin da kike gani bincike, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar majinyatan, an yi musu bayani da Hausa sun fahimta.

Ayyukan da aka ɗora miki, wannan al'ada ce mara kyau da ta zama jiki, sabon malami shi ake jibga wa abin da kowa yake gudu. Ba za ki ƙi ba, amma kada ki yi shiru, kuma kada ki kai ƙara wurin hira. Rubuta duk abin da yake hannunki a takarda ɗaya, darussa da awoyinsu da kwamitoci, ki sami shugaban sashe shi kaɗai ki ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da yake wuyana, ina tsoron kada wani ya lalace, wanne kake so in gabatar?" Sau da yawa shi kansa bai san an tara miki haka ba. Haɗa sakamako kuwa ki riƙe shi da hannu biyu: ki zauna da wanda ya yi kafin ke, ki ajiye kwafin duk takardar maki da sa hannun mai ita, kada ki sauya ko maki ɗaya da umarnin baki komai girman mai umarnin. Batun albashi ki bi shi da takarda a ofishin magatakarda da na ma'aji, ki sanar da reshen ƙungiyar malamai, ki haɗa takardar ɗaukar aiki da ta kama aiki a fayil ɗaya da ba ya rabuwa da ke. Ki kuma nemi kundin sharuɗɗan aiki ki karanta da kanki, ki san lokacin da ake tabbatar da ma'aikaci da adadin maƙalun da ake nema kafin ƙarin girma, domin a jami'a ba a ɗaga mutum da yawan zaman kwamiti. In jami'ar ta gwamnati ce, ki san jami'in da yake kula da harkar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, saboda ƙarin karatu.

Abu ɗaya ba zan so ki yi wasa da shi ba. Idan rashin barcin ya zarce mako biyu, abinci ya fita ranki, kika daina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa, to ya wuce gajiyar sabon wuri, ki ga likita kamar yadda za ki umarci majinyacinki. Maigidanki kuma ki gode masa, domin ba kowa ne zai riƙe yara ya kuma bar miki ƙofar dawowa a buɗe ba. Amma ki roƙe shi ku sa wa maganar lokaci maimakon ta riƙa tasowa duk daren Lahadi kina haɗa jaka: ku yarda cewa za ki cika shekarar karatu ɗaya, zango biyu da jarrabawarsu, sannan ku zauna. Idan a lokacin albashi bai daidaita ba, ko nisan ya fara taɓa karatun yara da zaman gidan, ko jami'ar ta nuna ba ta da niyyar ba fanninki wuri, to ki rubuta takardar ajiye aiki bisa ƙa'idar sanarwa, ki miƙa sakamakon ɗalibai cikakke, ki koma asibiti ba tare da jin kin gaza ba. Kafin nan ki tabbata kin sabunta lasisinki na bana, kuma kada ki yanke zumunci da tsofaffin abokan aikinki na Kano, domin ko kin zauna ko kin tafi, a wurinsu za ki nema wa ɗalibanki gurbin koyon aiki.